Ruwa Na Ƙasa Sai Ga Wanda Bai Tona Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, ina roƙonku ku ba ni hankalinku na ɗan lokaci. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata lacca da aka yi mana a zangon karatun da ya wuce. An gayyato wani baƙo mai kwat da zaƙin baki, daga cikin mutanen nan da sana'arsu ita ce zaburar da matasa. Ya tsaya gabanmu ya buga ƙirji, ya ce wai ɗan Adam kashi 10 cikin 100 kaɗai na ƙwaƙwalwarsa yake aiki da shi, sauran kashi 90 suna nan kwance suna sharar barci, kuma duk wanda ya sayi littafinsa zai koyi yadda ake tashinsu. Ɗaki ya ɗauki tafi. Ni ma, kada in yi muku ƙarya, na tafa. Wa zai ƙi a gaya masa cewa faɗuwar da ya yi a jarrabawa ba laifinsa ba ne, akwai wani rumbun basira a kansa da ba a kai ga buɗewa ba?

To, amma maganar nan ba ta da tushe. Ƙwaƙwalwar baligi ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, watau wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ke nan, amma ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. Jiki ba zai yi ta ciyar da gaɓar da ba ta aiki haka ba. A shekarar 2009 wata masaniya 'yar ƙasar Birazil, Suzana Herculano-Houzel, da abokan aikinta suka ƙididdige ƙwayoyin jijiya da ke cikin ƙwaƙwalwa, suka sami kimanin biliyan 86. Na'urorin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki kuwa sun nuna babu wani sashe nata da ke zaman kashe wando. Ko barci mutum yake yi, ita ba ta rufe kanti. Kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa ɗan taɓi kaɗan a wuri ɗaya yana iya raba mutum da magana, ko gani, ko tafiya. Da kashi 90 banza ne, ai da mafi yawan raunin kai ba su bar kowa da tabo ba.

Duk da haka ban ce baƙon namu ya yi kuskure gaba ɗaya ba. Lalle akwai basirar da ke kwance ba a amfana da ita, kuma tana da yawa. Inda ya ɓata shi ne wurin da ya ce tana ɓoye. Ba cikin ƙoƙon kai take barci ba. A farke take, tana yawo a kasuwa da mashaya da tsangaya, mu ne muka ƙi ganinta. Zan kafa hujja da ƙasar da na fi sani, watau Birnin Kudu da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, inda muke iyaka da Jihar Bauchi.

Wanda bai san wurin ba zai ɗauka Hausa kaɗai ake yi a can. Ba haka ba ne. Akwai Fulani na gida da na daji, akwai kuma Warjawa, waɗanda harshensu ya ratso daga ƙasar Warji da Ningi ya shigo cikin ƙasar Birnin Kudu. A ƙidayar 2006 mutanen ƙananan hukumomin nan biyu sun haura rabin miliyan, kuma da yawa daga cikinsu ba su tashi da harshe ɗaya ba.

Muna firamare akwai wani abokina, ba zan kama sunansa ba, wanda uwarsa Bawarjiya ce, ubansa kuma yana kiwo tare da Fulani. Kafin a sa shi makaranta yana jin Warjanci da Hausa da Fulatanci, yana sauya su yadda mutum ke sauya hula, kuma yana da izu biyu a ka daga makarantar allo. Da muka kai aji huɗu, aka ce daga yau ba sauran "banakula". Aka naɗa monita mai rubuta sunan duk wanda ya yi wani harshe ba Turanci ba, ran Juma'a a yi masa bulala. Malamin da ya kafa dokar shi kansa Turancin nasa da ƙyar yake tsayawa da ƙafarsa. Abin da ya biyo baya shi ne shiru. Aji mai yara fiye da 70 ya zama kamar maƙabarta, sai in malam ya faɗi jimla mu maimaita da ƙarfi, ba mu san kanta ba balle gindinta. Abokin nan nawa, da yake shi mai surutu ne, ya fi kowa shan bulala. A ƙarshen shekara aka rubuta masa a takardar sakamako cewa ba shi da ƙoƙari, malam kuma ya kira shi daƙiƙi a gaban aji. Bai dawo aji biyar ba.

Yanzu dillalin dabbobi ne. Na same shi a kasuwar Sara lokacin hutun da ya wuce, yana tsaye tsakanin wani Bafulatani mai bijimi da wani falke da ya zo daga kudu, yana yi wa wannan Fulatanci, yana juyawa ya yi wa wancan Turancin kasuwa da ya tsinta a bakin direbobi, yana lissafin la'ada da kuɗin mota da ka, ba biro ba takarda. Harshe huɗu ke nan. Ni da na zo jami'a ina da biyu, ɗayan ma aro ne. Amma in aka kawo takardar cikewa daga ofis, a gurbin ilmi shi za a rubuta masa "babu". Don Allah, tsakanin ni da shi, wa ya fi aiki da ƙwaƙwalwarsa?

Mun raina abin nan ne domin a banza muka same shi. Bari mu ɗan tsaya mu dubi abin da yaro ɗan shekara biyar ya riga ya sani a Hausa, ba tare da kowa ya zaunar da shi ya koya masa ba. Ya san bambancin kuka ta miya da kuka na hawaye, da wuyan da ake rataya laya da wuyar da ake sha, da fari na launi da fari na rashin ruwan sama, alhali a rubuce duk ɗaya suke, karin sauti kaɗai ya raba su. Ya san jam'in gida gidaje ne, na jirgi jirage, na ƙasa ƙasashe, na tunkiya tumaki, na akuya awaki. Ya san ya sayi doki daban, ya sayo doki daban, ya sayar da doki daban, ya saye dawakin daban, doki ya sayu kuma daban. Wannan sarrafa aikatau da yaro ke yi yana wasan ƙasa, sai a 1960 wani malamin Jami'ar Landan, F. W. Parsons, ya tsara shi aji bakwai, masana kuma suka yi ta muhawara a kansa shekara da shekaru. Littafin nahawun Hausa da Paul Newman ya fitar a shekarar 2000 ya haura shafi 700. Mafi yawan abin da ke cikinsa yana kan ƙanenka da ke gida, wanda ko ɗaurin wando bai iya ba.

Ɗan Fulani kuwa nasa ya fi wannan sarƙaƙiya. Sunaye a Fulatanci sun kasu aji fiye da 20, kowane aji da irin ɗafin da yake ɗauka, sa'an nan baƙin farkon kalma yakan sauya in an yi jam'i: Pullo ɗaya, Fulɓe da yawa; gorko namiji, worɓe maza; debbo mace, rewɓe mata. Yarinyar da ke tallar nono a tashar Birnin Kudu tana riƙe da wannan duka, ga Hausa a kai, kuma ba ta haɗa nahawun wannan da na wancan. Duk aikin nan ƙwaƙwalwa tana yinsa da ƙarfin da bai wuce wat 20 ba, abin da ko ƙwan lantarki irin na da ba zai haska sosai ba.

Kuma aikin tun a zanin goyo yake farawa. A 1984 wasu masana biyu a Kanada, Janet Werker da Richard Tees, suka nuna cewa jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana rarrabe sautukan harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnensa ya karkata ga sautukan da yake ji a gida, ya fara sakin sauran. Shi ya sa Bature ke fama da ƙ da ɗ da ts, mu kuma p da f suke ba mu kunya a gaban jama'a. Ba rashin basira ba ne, sabon kunne ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai kada wani ya fake da wannan ya ce shi ya makara: wani bincike da aka buga a Amurka a 2018, wanda ya shafi mutane wajen 670,000, ya nuna ƙarfin koyon nahawun baƙon harshe yana nan da kaifinsa har wajen shekara 17, bayan nan ma raguwa yake yi, ba ƙarewa ba. Wasu sukan ƙara da cewa mai harshe biyu ya fi mai ɗaya kaifin hankali a kome da kome. Masana ba su daidaita a kan wannan ba, ni ma ba na bukatarsa. Iya harshen kansa ya isa riba.

In kuwa ƙarfin riƙewa ake so a gani, a leƙa tsangaya. Yaro ya shiga yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, har in Allah Ya nufa ya kai alaramma ko gwani. Gwani yakan zauna da tawada da alƙalamin kara ya rubuta Alƙur'ani izu 60, ayoyi fiye da 6,000, da ka, da wasullansa da alamominsa, kuma ya gaya maka sau nawa kalma kaza ta zo da wuraren da ta zo. A shekarar 2000 Eleanor Maguire ta auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace titunan birnin wajen 25,000 ake ba su lasisi, ta ga sashen da ke riƙe taswira ya fi na sauran mutane girma. Duniya ta yi ta mamaki, jaridu suka ɗauka. Mu kuwa muna da masu irin wannan horo a kusan kowane gari daga Babaldu har Basirka, abin da muka iya kawai shi ne mu ƙirga su cikin marasa ilmi. Ban ce tsarin tsangaya ba shi da aibu ba. Bara da yunwa da rashin sana'a aibu ne manya, kuma yunwa ita ce babbar abokiyar gabar ƙwaƙwalwar yaro. Abin da nake cewa shi ne, kan da ya ɗauki izu 60 ba zai kasa ɗaukar lissafi da kimiyya ba in an kawo masa su ta ƙofar da ya sani.

Har wanda ba ya ji ma ba a bar shi a baya ba. A Nikaraguwa, da aka tara yara kurame a makarantu a birnin Managuwa daga 1977, malamai suna ta fama su koya musu karanta leɓe, yaran kuwa a filin wasa da cikin mota suka ƙirƙiro harshen hannu nasu, ƙannensu da suka biyo baya suka yi masa nahawu cikakke. Mu ma muna da maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Harshe ne sosai, ba kwaikwayo ba. Ashe ƙwaƙwalwa in an toshe mata baki da kunne, ta hannu take ɓullowa.

To, in haka ƙwaƙwalwar yaro take, me ya sa ɗan aji shida a ƙauyukanmu sau da yawa ba ya iya karanta wasiƙa, ko da Hausa ko da Turanci? A ganina domin muna haɗa masa kaya biyu a lokaci ɗaya. Koyon karatu aiki ne guda: yaro ya gane cewa wannan zane shi ne sautin da ke bakinsa. Koyon baƙon harshe kuma aiki ne daban. In ka rubuta wa yaro "rago" ya haɗa baƙaƙen ya ji kalmar da ya sani, nan take fuskarsa za ta washe, ya gane sirrin. In kuwa ya haɗa baƙaƙen ya ji abin da ba shi da ma'ana a wurinsa, sai ya ɗauka karatu shi ne maimaita abin da ba a fahimta, kuma da wannan zato zai girma. Da yawa daga cikinmu da shi muka zo jami'a, shi ya sa muke haddace takardun malam mu amayar ran jarrabawa.

Wannan ba sabon zance ba ne, kuma an gwada shi a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukan darussan firamare, shekara shida, da Yarabanci, Turanci kuma aka ba shi ƙwararren malami yana koyar da shi a matsayin darasi. Da aka gwada su da waɗanda aka juya wa harshe zuwa Turanci a tsakiyar firamare, ba su gaza ba, a darussa da dama ma sun fi, kuma Turancinsu bai lalace ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai shi har aji shida. Sai kuma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar an soke wannan, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin farko, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi harshen gida. A cikin shekarar 2025 ɗin kuwa maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa.

Da girmamawa nake cewa hujjar nan ba ta gamsar da ni ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan Nuwamban 2022 ko firamare bai gama ba a 2025, ina ya ga zauren WAEC? Waɗanda suka faɗi jarrabawar nan irinmu ne, 'yan zamanin bulalar banakula. Abin da aka yi mana ba koyarwa da Hausa ba ne, ba kuma koyarwa da Turanci ba ne. Littafi da Turanci, jarrabawa da Turanci, malam yana fassarawa da ka iyakar abin da ya gane, yaro yana tsakiya kamar jemage, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Ba a shuka ba, ba a yi noma ba, sa'an nan aka zo aka ce irin ne ba shi da kyau.

Na san abin da wasunku za su ce, domin mun sha yin gardamar nan a ɗakin kwana. Za ku ce Turanci shi ne ƙofar aiki da jami'a da intanet, 'ya'yan manya suna makarantun kuɗi suna shansa tun daga reno, in aka tsare ɗan talaka a Hausa an ƙara yi masa katanga ke nan. Wannan magana tana da nauyi, kuma iyayenmu na ƙauye ma ita suke yi. Ni ban ce a kori Turanci ba. Da shi nake karatu, da shi kuma zan nemi abinci. Cewa na yi a koyar da shi da gaske, a hannun wanda ya iya shi, a kan harsashin da yaro ya zo da shi daga gida. Ƙwaƙwalwa ba tulu ba ce da za a ce sai an zubar da Hausa Turanci zai sami wuri. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, babu wanda ya rage wa wani. Za ku kuma ce babu littattafai, babu malamai. Gaskiya ne. Amma malaman da za su koyar da kome da Turanci a Fagam da Farin Dutse, su suna ina? In dai horar da malami ya zama tilas ko ta wace hanya aka bi, gara a horar da shi a kan hanyar da yaro zai gane.

Sai dai kuma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu Hausawa da ke kukan Turanci ya danne mu, mu ma muna danne wasu. Auyo tana nan cikin Jiharmu, Shira kuma maƙwabciyar Gwaram ce, kowacce da tana da harshenta, dangin Badanci; yau babu mai yinsu, Hausa ta shanye su, sai sunan kawai a littattafan masana. Warjanci da 'yan'uwansa na arewacin Bauchi, irin su Miyanci da Diryanci, dangin Hausa ne na nesa. Amma sau nawa muka ji ɗan Warji ya yi harshensa a mota muka yi masa dariya, muka ce yana "yare", kamar namu ba yare ba ne? Bulalar da monita ya jawo wa abokina a makaranta, mu ma mun yi masa irinta da baki a bakin rijiya. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu akwai zanen shanu marasa tozo da mutanen da suka bari a jikin dutse, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950. Zanen ya tsaya domin a dutse yake. Harshe kuwa a bakin mutum yake zaune, in tsoho na ƙarshe ya tafi, ya tafi da shi.

Wannan ban gane shi ba sai da ya zo gidanmu. Kakana na wajen uwa Bafulatani ne, ya yi shekara fiye da 50 yana Hausa kamar jakin Kano. Ni kuwa ban iya Fulatanci ba. Inna ta yi aure cikin gidan Hausawa mai yawa, ta daina yi mana shi tun muna ƙanana don kada a ce tana gulmar mutanen gida. In na je gaishe shi yakan ce, "Ga Kaɗona ya zo, a ɓoye nono kada ya shanye," ni kuma in ce tsoho ya kusa bar mini shanun. Shekara uku da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama da ƙafar dama suka mutu, magana ta ɗauke. Tun 1865 wani likita Bafaranshe, Paul Broca, ya nuna cewa ga mafi yawan mutane ragamar furta magana tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, ɓangaren da ke juya dama ta jiki, shi ya sa abin yakan zo tare. A 1895 kuma wani likitan, Albert Pitres, ya rubuta cewa masu harshe da yawa in irin wannan ta same su, ba lalle harsunan su dawo tare ba. Haka ta faru ga kakana. Bayan 'yan makonni magana ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, amma Fulatanci kaɗai.

Ni ne na yi jinyarsa a asibiti dare huɗu, domin ni ne ɗan boko, ni zan iya magana da likita. Na iya magana da likita kuwa, har ya yaba Turancina. Da majinyacin ne na kasa. Cikin dare yakan riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, ya yi ta faɗin wani abu yana maimaitawa, yana dubana, ni kuwa sai in miƙa masa ruwa, ya kau da kai. A dare na uku wata tsohuwa mai shara ta ji shi, ta ajiye tsintsiya ta zo ta durƙusa ta saurara. Ta ce ba ruwa yake so ba. Cewa yake akwai saniyar wani maraya a cikin garkensa, amana ce, a gaya wa kawunaina kada a haɗa ta cikin gado. Da ba don matar nan ba, wadda a takardar albashi ita ce ta ƙarshe a asibitin, da amanar ta tafi tare da shi. Bai ƙara wata biyu ba ya rasu.

Saboda haka, ya ku waɗanda za a tura ofisoshin ƙananan hukumomi da asibitoci da kotuna da ofishin gona, ku ne maganar nan ta fi shafa, domin takardar manufa a Abuja ake rubuta ta, amma a kan teburinku take zama gaskiya ko ƙarya. In tsoho ya zo gabanka yana lalube cikin Hausa, kada ka ɗauka hankalinsa ne gajere. Watakila harshensa na uku ke nan yake yi maka alfarma da shi. In an tura ka aji, babu dokar da ta sa ka doki yaro don ya yi tambaya da harshen uwarsa. Ku dubi kuma 'yan kasuwar Ibo masu sayar da kayan gyaran mota a garuruwanmu, cikin shekara ɗaya suna ciniki da Hausa har da karin magana. Mu kuwa sai mu yi shekara guda cur muna bautar ƙasa a Inugu ko Ibadan, mu dawo ko gaisuwa ba mu iya ba, muna taƙama wai kowa yana jin namu.

Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai kuma ina da roƙo biyu, in shugabanni za su sa su cikin ajandar taro mai zuwa. Na farko, a ware maraice ɗaya a mako a wani ɗakin karatu, mai Fulatanci da mai Barbarci da mai Yarabanci da mai Warjanci da mai maganar hannu kowa ya koya wa ɗan'uwansa, ba kuɗi ba jarrabawa. Na biyu, duk mai zuwa hutu ƙauye, tun da kowa yana da waya a aljihu, ya nemi izinin tsofaffin gidansu ya ɗauki muryarsu, tatsuniya ko tarihin gari ko sunayen itatuwa da na shanu, da harshen da suka ga dama, a kawo a tara a sashen nazarin harsuna da sunan garin da shekarar.

Ni dai na fara da kaina. Wata uku ke nan wani ɗalibi ɗan Adamawa yana koya mini Fulatanci bayan sallar isha'i, ni kuma ina taya shi lissafi. Makon jiya na yi ƙarfin hali na buga wa Inna waya da sassafe, na ce mata, "A waali jam?" Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can sai ta amsa, ta kuma zarce da magana da sauri, wadda ban tsinci kome a ciki ba sai kalmar saniya da sunan kakana. Da ta ji na daburce ta koma Hausa, tana dariya, ta ce wannan bakin mutanen gabas ne aka koya mini, ba haka ake lanƙwasa shi a wajenmu ba. Ta ce in na tashi zuwa hutu in taho da littafin rubutu mai kauri.